Takardu uku a goman ƙarshe na azumi

Ba zan faɗi sunanta ba, don 'yar fari ce, kuma shekarun da na yi a Amurka ba su cire mini wannan kunyar ba. A gida ma "yarinyar nan" nake ce mata, ko "Yayarku" idan da ƙannenta nake magana. A unguwar Bronx ta birnin Niyok aka haife ta. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, babansu kuma tasi yake ja. Daga ni har shi a Kano muka yi karatu, inda abin da muka sani shi ne a rubuta JAMB, a zaɓi jami'a, a zauna jiran maki. Da ta kai ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, a farkon 2024, ta kawo mana jerin jami'o'i masu zaman kansu da take son nema, sai muka tarar ba mu da abin auna su sai suna.

Sunan ma ɗaya muka sani sosai. Yayana da ke Kano duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Ke dai ki sa ta nemi Harvard." Ban ga laifinsa ba, sunan da ya ƙetara teku ya isa Kano ke nan. Sauran da ke cikin jerin nata, irin su Amherst da Swarthmore da Wellesley da Bowdoin, ko faɗarsu ba mu iya ba a lokacin.

Daren farko maganar ta kusa mutuwa tun ba a fara ba. Babansu ya duba kuɗin shekara ɗaya a wasu daga cikinsu, da kuɗin karatu da ɗaki da abinci da sauran tarkace, ya ga sun haura dala 90,000. Ya kife wayar a kan kujera ya ce, "Wannan ya fi abin da ni da ke muke samu a shekara. Ta shiga CUNY kamar 'ya'yan kowa, ta riƙa kwana a gida." CUNY ita ce jami'ar gwamnati ta birnin, kuma ba abar rainawa ba ce, yaran 'yan uwanmu da yawa a can suka gama suna aikinsu lafiya. Yarinyar ba ta yi masa musu ba. Washegari ta ce, "Umma, ki zo mu ga malamar da ke ba mu shawara a makaranta, ko minti goma ne."

Abin da malamar ta fara gaya mini shi ne kuɗin da aka rubuta a ƙofa ba shi ne kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi yake biya ba. Dokar ƙasar ta wajabta wa kowace jami'ar da ke karɓar kuɗin tallafin gwamnatin tarayya ta sa wani ma'auni a shafinta na intanet, inda iyaye za su zuba abin da suke samu da abin da suka mallaka, ya fitar musu da kiyasin abin da za a nema a hannunsu. Ta ce mu je mu gwada a kowacce, mu rubuta amsar a takarda ɗaya.

Haka muka yi sati biyu. Bayan sallar isha'i a ɗauko takardun haraji, yarinyar tana kan kwamfuta, ni ina karanto mata lambobi, babansu yana zaune gefe kamar ba ya saurare. Abin da ya fito ya ɗaure mana kai: jami'o'in da suka fi kowa tsada a ido su ne suka fi neman kaɗan a hannunmu. Wasu masu matsakaicin suna, waɗanda muka ɗauka su ne daidai da mu, su ne suka fi tsawwala. Da na nemi dalili sai na ga abu ne da muka sani a addininmu, wato wakafi. Tsofaffin jami'o'in nan suna da asusun da tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni suka daɗe suna zubawa, ana juya shi, ana kashe ribarsa. Na Harvard kaɗai ya haura dala biliyan 50. Daga nan ake biya wa 'ya'yan talakawa. Princeton ce ta fara cire bashi gaba ɗaya daga tallafinta a 2001, wasu suka bi sahu. Muna cikin neman nan, a Nuwamban 2024, jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT ta sanar cewa iyalin da samunsu bai kai dala 200,000 a shekara ba ba za su biya kuɗin karatu ba, waɗanda ba su kai 100,000 ba kuwa ba a neman komai a hannun iyayen. A Maris na 2025 Harvard ta yi irin wannan sanarwar.

Daga nan na koyi tambayoyi uku, na riƙa yi wa kowace makaranta su kamar karatun allo. Suna duba aljihun iyaye kafin su yanke shawarar ɗaukar yaro, ko ba sa dubawa? Idan sun ɗauke shi, suna cike duk giɓin da ke tsakanin kuɗinsu da ƙarfin iyayensa, ko wani ɓangare kawai? Idan sun cike, da kyauta suke cikewa ko da bashi? Amsoshin nan uku sun rage mana jerin da kusan rabi. Akwai kuma abin da ya ba ni mamaki game da jami'o'i takwas ɗin da ake kira Ivy League: ba sa ba da tallafi don hazaƙa ko don wasa, buƙata kawai suke dubawa. Wasu makarantun kuwa da kyautar hazaƙa suke jan ɗalibai, kuma sau da yawa tana zuwa da sharaɗin maki.

Bari in ɗan ratse, saboda ɗiyar ƙanwata da ke gida ta tambaye ni ko ita ma haka abin zai kasance mata. Duk abin da na faɗa a kan 'yar ƙasar Amurka nake magana. Ɗalibin da zai nema daga Najeriya ko Nijar ko Gana lissafinsa daban ne, domin yawancin makarantun suna duba aljihunsa kafin su ɗauke shi. Kaɗan ne ba sa dubawa kuma suke cike giɓin duka, daga cikinsu akwai Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin. Wanda ke can ya fara da tantance wannan kafin ya ɓata kuɗin fom.

Rigima ta biyu a kan kalmar "kwaleji" aka yi ta. Babansu ya ga an rubuta Amherst College ya ce, "Duk wannan ƙoƙarin nata a kwaleji zai ƙare?" A wurinmu kwaleji ƙasa take da jami'a, can ake zuwa a yi NCE. A nan ba haka ba ne. Ƙananan makarantu ne masu ɗalibai wajen dubu biyu, digirin farko kawai yawancinsu suke bayarwa, shi ya sa farfesan da kansa yake shiga aji, shi yake duba rubutun yaro, ba a bar wa ɗalibin digiri na uku ba. Shigarsu ma ba ta fi ta manyan sauƙi da wani abin kirki ba. Sai da wani abokinsa da ke koyarwa a wata jami'a ya yi masa bayani a masallaci bayan Juma'a sannan ya sauko.

Ni kuma tarkon da na faɗa shi ne jerin mujallar U.S. News, wanda ke jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Na riƙe shi kamar sakamakon jarrabawa: ta 9 ta fi ta 15, shi ke nan. Yarinyar ce ta nuna mini labarin abin da ya faru a 2022, lokacin da wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya binciki alƙaluman da jami'arsa ta miƙa wa mujallar ya ce ba daidai suke ba. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure a wasunsu, aka sauko da ita daga ta 2 zuwa ta 18. Malaman su ne, ɗaliban su ne, gine-ginen su ne, amma a shekara ɗaya ta faɗo hawa goma sha shida. Tun daga ranar na daina ɗaukar bambancin hawa biyar ko goma a matsayin wani abu. Muka koma ga wata takarda da yawancin makarantun ke fitarwa duk shekara mai suna Common Data Set. Ba ta da hoto ko ɗaya, lambobi ne zalla, amma a ciki ake ganin ajujuwa nawa ne ɗalibansu ba su kai ashirin ba, kashi nawa na sababbin ɗalibai ne ke dawowa shekara ta biyu, kashi nawa ke gamawa, da bashin da masu gamawa ke fita da shi. Littattafan talla masu sheƙi da suka cika mana akwatin wasiƙa duk iri ɗaya ne, ciyawa kore da yara suna dariya. Wannan takardar ce ke rarrabe su.

Akwai kuma bambancin da ni ban san ana yi ba, na yadda ake tsara karatun. A Brown tun 1969 ba a tilasta wa ɗalibi darussan gama-gari, shi yake haɗa abinsa bayan fannin da ya zaɓa. A Columbia kuwa akwai darussan da kowa sai ya yi, na adabi da falsafa da tarihin tunani, ko me ya zo karantawa. Na tambaye ta wanne ta fi so. Ta ce, "Umma, ni na san kaina, idan aka sakar mini komai zan ruɗe, idan aka ɗaure ni da yawa kuma zan gaji." Kimiyyar halittu take so, tana tunanin likitanci, amma ba ta so a rufe mata ƙofar tarihi. A wannan ban sa baki ba, ita za ta zauna a ajin.

Inda na sa baki, na kuma tsaya kai da fata, shi ne maganar neman wuri mai ɗaurewa. Yawancin makarantun nan suna da wani tsari da yaro zai miƙa takardunsa tun 1 ga Nuwamba, ga makaranta ɗaya tak, ya sa hannu, iyayensa su sa hannu, cewa idan an ɗauke shi zai janye daga ko'ina ya zo. A Disamba ake jin amsa, kuma kason da ake ɗauka ta wannan ƙofar ya kan fi na sauran. Ƙawayenta biyu sun bi ta nan, ita ma ranta ya biya. An ce mana idan tallafin bai isa ba ana iya sakin mutum, kuma gaskiya ne. Amma me za ka gwada shi da shi ka san ya isa ko bai isa ba, alhali takarda ɗaya ce a hannunka? Cinikin biri a sama ne. A ganina tsarin nan mai kuɗi yake yi wa aiki, wanda ko nawa aka ce zai biya. Mu da kowace dala ke da inda aka nufa da ita, sai mun ga takardu a jere. Ta yi kuka a daren, na bar ta ta yi. Har yau ban yi nadama ba, ko da yake na san wataƙila mun rufe mata wata ƙofa da hannunmu.

Fom ɗin neman shiga ɗaya ne ga yawancinsu, Common App, sai dai kowacce tana ƙara nata tambayoyin. Jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a da aka sassauta lokacin korona ta fara dawowa, MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo a 2024, don haka ta zauna sau biyu. Makarantu goma sha ɗaya ta nema zuwa farkon Janairu, har da CUNY. Harvard ba ta cikinsu. Inda ake ɗaukar ƙasa da mutum huɗu cikin ɗari, in ji ta, ta riga ta sa irinsu uku, ya isa, kuma ƙaramin wuri ta fi so. Yayana bai ji daɗi ba.

Fom ɗin kuɗi ne ya fi ba mu wahala. Na gwamnati, FAFSA, da sauƙinsa. Amma masu zaman kansu da yawa suna neman wani na biyu, CSS Profile, shi kuwa har ƙarƙashin gado yake leƙawa. Ya tambayi kuɗin da tasi ke shigowa da shi da wanda take ci, ya tambayi ajiya, ya tambayi gida ko fili a ko'ina yake. Muna da kango a Kano, shekara tara ana gini bai kai linta ba sai bara. Wani ya ba mu shawara mu yi shiru, wa zai je ya duba? Babansu ya ce ba zai fara karatun 'yarsa da ƙarya ba. Muka sa aka kimanta mana shi da naira, muka mayar dala, muka rubuta. Abin da fom ɗin ba shi da gurbinsa shi ne kuɗin da muke aikawa gida duk wata, na mahaifiyarsa da na maganin mahaifina da na makarantar marayun ƙaninsa. A lissafinsu wannan kuɗi ne da muke da shi. A wurinmu kuɗi ne da ba namu ba tun kafin ya shigo. Akwai wani fili a ƙarshe da aka bari don bayanin hali na musamman, a nan muka zayyana komai, muka adana rasit ɗin aike na shekara biyu.

Amsoshin sun zo a ƙarshen Maris na 2025, daidai goman ƙarshe na azumi. Da yamma ake sakinsu, ga yunwa ga fargaba. Manyan ukun nan ba su ɗauke ta ba. Ɗaya ta sa ta a jerin masu jiran tsammani. Ta shiga ɗaki ta rufe, sai da aka kira magariba ta fito, na miƙa mata dabino ban ce komai ba. CUNY ta ɗauke ta, haka ma makarantu uku masu zaman kansu. Ba zan kama sunansu ba, tunda zan faɗi abin da ban ji daɗinsa ba. Ɗaya babbar jami'a ce a tsakiyar wani birni, mai sunan da ko a gida wasu sun taɓa ji. Ta biyu ƙaramar kwaleji ce a ƙauye, can arewa inda ƙanƙara ke daɗewa. Ta uku ta mata ce zalla, kusa da wani babban birni.

Bayan Sallah muka baza takardun tallafin uku a kan dardumar falo. Kowacce da yadda ta tsara tata, kamar da gangan don kada a iya gwadawa. Ta birnin ce ta fi ƙaton lamba a sama, babansu har ya yi hamdala. Da muka bi layi-layi sai muka ga a cikin abin da suka kira taimako sun haɗa da bashin gwamnati na dala 5,500, wanda shi ne iyakar abin da ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa kan iya ci, sun haɗa da kuɗin aikin da ita za ta yi da hannunta a cikin makaranta, sannan a ƙasa suka nuna mana wani bashin da mu iyaye za mu ci don cike sauran. Kyautar hazaƙar ma da sharaɗi: makinta ya sauka, ta tafi. Bashi da ruwa ne, kuma ko ba don addini ba, bashi ba taimako ba ne. Na ɗauki jan biro na soke duk layin da za a biya daga baya, na bar kyauta zalla. Muka ɗebe ta daga cikakken kuɗin, muka ƙara abin da wasu ba su rubuta a fili ba: inshorar lafiya, kuɗin mota na zuwa da dawowa, littattafai, da kuɗin da ake sa ran yaro zai tara da aikin bazara. Muka ninka sau huɗu. Ta birnin da ta fi kowa suna ta koma ta ƙarshe, da tazara mai nisa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ta ƙauyen ba ta sa bashi ko sisi ba, ita ce mafi sauƙi. Ta matan ta fi ta da 'yan dubbai a shekara. Malamar ta ce ana iya roƙon a sake dubawa, ba ciniki ba ne, amma idan akwai abin da ba su lissafa ba a gaya musu. Muka rubuta wasiƙa, muka haɗa da rasit ɗin aike da takardar ɗaya makarantar. Bayan kwana goma suka ƙara. Bai kai na waccan ba, amma tazarar ta dawo abin da ƙarin aikin Asabar biyu a wata zai rufe mini.

Saura abin da ba ya cikin kowace takarda. Tun farko na sa a raina duk inda za ta je sai na san inda za ta kasance ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, da abin da za ta ci da asuba a watan azumi. Na ji cewa Georgetown, jami'ar 'yan Katolika da ke Washinton, ita ce ta fara ɗaukar limamin Musulmi na dindindin a 1999, kuma wasu da yawa sun bi. Amma rubuta "muna da abincin halal" a intanet daban, abin da ke cikin faranti daban. Gani ya kori ji. A watan Afrilu babansu ya ajiye aiki kwana biyu muka shiga mota.

Ta ƙauyen kyakkyawa ce ƙwarai, kuma mutanenta sun karɓe mu hannu bibbiyu. Wani farfesa ya zauna da ita kusan awa guda a ɗakin gwaje-gwaje. Amma da muka nemi ɗalibai Musulmi, kaɗan muka samu, kuma wata daga cikinsu ta gaya mana gaskiya: naman halal ba kullum ba ne, masallacin gari da nisa, idan ƙanƙara ta sauka sai su yi azahar a ɗaki. Banɗakunan wasu benayen ma na kowa da kowa ne, sai an nema ake ba da na mata zalla. Ta ce tana jin daɗin karatun, amma shekarar farko ta sha kaɗaici. A ta matan mun tarar da ɗakin salla da wurin alwala, da 'yan mata masu lulluɓi suna ta kai-komo ba wanda ke waiwayensu. Yarinyar ta ja wata 'yar Senegal gefe ta yi mata tambayar da ni ban yi tunaninta ba. Ta ce idan mutum ya faɗi jarrabawar farko a kemistiri, wa ke nemansa? Waccan ta yi dariya ta ce ita ma ta faɗi tata, kuma malamar ce da kanta ta aiko mata saƙo ta ce ta zo ofis.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana har muka yi nisa. Babansu ya dube ta ta madubi ya ce, "To, mun ga namu, kuɗi ba zai hana ko wacce cikin biyun nan ba. Ke za ki zauna shekara huɗu." Ni a raina ta matan nake so, amma na kame bakina, don na riga na yi amfani da ikona sau ɗaya a Nuwamba. Ta ce a ba ta kwana uku ta yi istihara.

Ranar 1 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta ba da amsa a kusan duk makarantun. Ranar 28 ga Afrilu da safe, ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Umma, ta matan." Da yamma muka biya kuɗin kama wuri, ta rubuta wa sauran ta gode musu, har da farfesan nan na ƙauye. Na kira Yayana na gaya masa sunan makarantar. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya ce in rubuto masa a saƙo, zai kai wa Baba ya sa mata albarka.